Ledar da ke ɗuma ɗaki a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa, ya gajiyar girbi? A gaishe min da Inna.

Ka tambayi yadda muke fama da sanyi a Mancesta. Wallahi hunturun Ringim wasan yara ne. Da asuba ƙanƙara ke kama gilashin motar da nake raba kaya da ita. Maɓalli nake dannawa, wasu wayoyi sirara kamar gashi da ke cikin gilashin su ɗau zafi, kafin in gama shan shayi ta narke. Sai dai da dare, in fitila ta haske ni, wayoyin na ƙyalli a ido.

Abin da ya fi ɗaure min kai wata leda ce da mai gidanmu ya shimfiɗa a ƙarƙashin katakon ɗaki. A naɗe ta zo kamar tabarma, jikinta da baƙaƙen layuka. Baƙin nan kabon ne, ɗan uwan gawayin da Inna ke zubawa a kasko! Lantarki na bi ta cikinsa da ƙyar, sai ɗumi ya taso ta tafin ƙafa, ba hayaƙi, ba fargabar gobara irin ta garwashi.

Akwai wadda ta fi ta, garau kamar gilashi, kuma tana lanƙwasuwa; da girafin ake yin ta, wato wani siririn fallen kabon. A jami'ar garin nan, a 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafin da salatif daga irin baƙin da ke cikin fensir, har suka ci kyautar Nobel a 2010. Kaurinsa zarra ɗaya, kashi 2.3 cikin ɗari na haske kawai yake tarewa. Shafen da aka saba yi wa gilashi don lantarki ya bi ta jikinsa na wani ƙarfe ne mai suna indiyom, ga tsada, in an tanƙwara ya tsage. Kamfanin Canatu na Finlan ma da siraran bututun kabon yake yin tasa, don kada raɓa da ƙanƙara su rufe kyamarar mota. Wannan kam ta manyan kamfanoni ce, ban gan ta a shago ba.

Ni 'yan tsakinka da sanyi ya kashe bara nake ta tunawa. Mai baƙin layin za ta yi wa akurki, amma fa tana shan wuta, ko a nan in takardar kuɗin wuta ta zo sai ka dafe kai. Ka auna min tsawo da faɗin akurkin, ka kuma gaya min batir nawa ke jikin solarka.