Littafin kwali ko mai batir? Amsa ga Maman Hanifa

Maman Hanifa, kin tambayi wanne za ki saya tsakanin littafin hoton dabbobi mai shafukan kwali da mai batir, mai madannin da ke yin kukansu. Ɗauki na kwali ki huta.

Nawa ya shekara huɗu a hannuna. 'Yan shekara uku zuwa biyar nake koyarwa a nan Agege, don haka gefunansa sun sha cizo da yawu, amma ko shafi ɗaya bai fita ba. Dabba ɗaya ce a kowane shafi, kuma hoton gaske ne. Na yanka farar takarda na manna ƙarƙashin sunayen Turancin, na rubuta namu: giwa, kura, dorina, jimina, bushiya, hawainiya. Kin san 'ya'yanmu haihuwar Legas, rago sun san shi saboda kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, shanu kuwa kullum suna ganin ana wucewa da su mayankar Oko-Oba. Amma ranar da na buɗe shafin raƙumi, wani yaro cewa ya yi doki ne mai ciwon baya. Sai da na zauna don dariya.

Kukan dabbar ni nake yi da bakina, su kwaikwaya, ajin ya kaure. Nan ne karatun yake shiga. Bara da muka kai su gandun dajin Lekki, wanda aka kafa tun 1990, akwai wata yarinya da ko sunanta da ƙyar take faɗa a aji. Tana hango biri a kan reshe ta ja mini hijabi tana ihu, "Malama, ga na littafinmu ya fito!" Har muka hau mota ba ta yi shiru ba.

Abu ɗaya ki duba: yawancin littattafan nan na ƙasashen waje ne, cike da dabbobin ƙanƙara da yaro ba shi da abin kwatanta su da shi. Nemi wanda dabbobin Afirka suka fi yawa. Ki kuma lura da damisa. Mai ratsi-ratsin nan ta Asiya ce, babu ita a dazukan Afirka, tamu damisa ƙi-sabo ɗigo-ɗigo gare ta.

Mai batir kuwa, na taɓa saye da kuɗin da ya isa na kwali biyu. Yara sun yi rububinsa, ban musa ba, amma danna madannin kawai suke yi ba sa kallon hoton. Sati uku danshin damina ya shige shi, zaki ya koma kuka kamar akuya mai mura. Ga ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye ɗaya sai asibiti cikin gaggawa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu talla a cunkoson motoci da wasu 'yan tebur. Za su miƙo miki littafi a naɗe cikin leda, bango na sheƙi, su ce ba a buɗewa sai an biya. Ni haka na kai gida na tarar jabu ne, giwa ta fito shuɗiya, shafi huɗu a maimaice. Ki sa a yaga ledar a gabanki, ki ƙirga shafukan, ki goga yatsa mai ɗan laima ki ga ko launin zai biyo ki. In mai kaya ya ƙi, ki ajiye masa abinsa ki ƙara gaba.