Sharhi: karɓar riƙon ƙaramar karya mai ciwon suga daga cibiyar ceton dabbobi

Cibiyar ceton dabbobin da na karɓo karyata daga hannunta ta yi aikinta, kuma zan iya tura wani can ba tare da fargaba ba. Sai dai akwai inda suka gaza, gazawar kuma ba ƙarama ba ce ga wanda bai taɓa jinyar dabba ba.

Karyar 'yar mitsitsiya ce, jinin nau'in karen da ake kira Poodle ya fi rinjaye a jikinta, nauyinta bai kai kilo 5 ba. A titi aka tsinto ta, a rame, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana fitsari a kai a kai. Likitansu ya ƙiyasta shekarunta 8 zuwa 9 daga yanayin haƙoranta, gwajin jini da na fitsari kuma suka nuna ciwon suga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi mini daɗin baki ba. Ina nuna sha'awarta, ma'aikaciyar da ke kula da ita ta ce, "Malam, zauna tukuna ka ji abin da ke jikinta, sannan ka ce kana so." Ta bayyana mini cewa ciwon suga a jikin kare ba ya warkewa, kuma ƙwayoyin da mutane ke sha ba sa yi masa aiki. Allurar insulin ce sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12, bayan ta ci abinci iri ɗaya, awo ɗaya, har iya rayuwarta. Ba hutun ƙarshen mako, ba "yau na gaji".

Ba su miƙa mini ita ba sai da na iya allurar a gabansu. Na fara koyo da ruwan gishirin asibiti: a ɗaga fatar gefen jiki, a soka a ƙarƙashinta, a riƙa sauya wuri don kada fatar ta yi tauri. A nan ne suka ja kunnena kan abin da ban taɓa ji ba. Caninsulin, irin insulin ɗin da aka rubuta mata, awo 40 ne a kowace mililita, alhali yawancin na mutane awo 100 ne. Kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi na mutane da sirinjin dabbobi ya ba kare ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, ga mai kilo 5 kuwa wannan na iya zama ajali. Kwalbar a firiji take zama, amma kada ta daskare, kuma ana girgiza ta har ta yi fari kamar madara kafin a zuƙa. Sun kuma nuna mini alamun faɗuwar suga, wato kasala, rawar jiki, tangaɗi, wani lokaci har da farfaɗiya, da abin yi nan take: a shafa zuma a dasashi, a garzaya wurin likita. Wannan darasi kaɗai ya isa in yaba musu.

Takardunta ma sun cika. An yi mata rigakafin haukan kare da sauran allurai, an cire ruɓaɓɓun haƙora, an sa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cire mata mahaifa da ƙwai. Na ƙarshen yana da muhimmanci ga mace mai suga, domin sinadarin da jikinta ke fitarwa bayan lokacin barbara yana hana insulin aiki yadda ya kamata. Kafin a amince sun yi mini tambayoyi masu yawa, har da wanda zai yi allurar idan ba na nan. Da farko na ga kamar bin diddigi ne ya yi yawa. Yanzu ina ganin tambayar wanda zai yi allurar ita ce ta fi kowace.

To, ga ƙorafina. Maganar ido sun wuce ta da sauri, layi ɗaya a takarda. Alhali mafi yawan karnuka masu suga suna kamuwa da yanar ido, ko da ana kula da su sosai, saboda sugan da ya taru a ƙwayar ido yana janyo ruwa har ta dushe. Tawa cikin ɗan lokaci ta fara karo da ƙafar tebur. Likitan dabbobin da nake kai ta wurinsa ne ya yi mini cikakken bayani, ya ce tiyata na iya dawo da gani, amma sai sugan ya daidaita, kuma aikin ƙwararren likitan ido ne. A yanzu da hanci da kunne take yawonta, na daina matsar da kujeru, kuma ina yi mata magana kafin in taɓa ta don kada ta firgita. Tana lafiya, tana wasa. Amma da an faɗa mini tun farko, da na shirya.

Na biyu, lissafin ɗawainiyar da suka ba ni ya tsaya a kan insulin da sirinji da abinci. Bai haɗa da gwajin da ake yi don daidaita awon allura ba, wanda ake auna sugan jininta duk bayan awa 2 na tsawon yini, kuma a farkon riƙo ana maimaita shi. Bai haɗa da ciwon mafitsara ba, wanda ke yawan addabar masu suga. Layin wayarsu kuma da an tashi aiki shiru ne, don haka a tanadi lambar likitan gaggawa tun kafin a kawo kare gida.

Wanda aikinsa ke fitar da shi da asuba ya dawo da shi tsakar dare, ko mai yawan tafiye-tafiye da ba shi da mataimaki, kada tausayi ya ɗebe shi. Cibiyar na da lafiyayyun karnuka da ke jiran gida. Mai shakka kuma ya tambaye su riƙon wucin gadi, inda kare ke zama a hannunka su kuma suna ɗaukar nauyin magani, har ka ga ko agogonka zai iya da nata.