Wata 14 da GLK 350 ta hannu, tsakanin Yamai da Tawa

Jama'a da yawa sun tambaye ni kan motar ga tun da na saye ta, wasu a masallaci wasu a wurin aiki, to bari in faɗi abin da na gani da idona don wanda ke da niyyar sayen irinta ma iyalinshi. Mercedes GLK 350 ce ta 2012, shigowar Amurka, injin V6 lita 3.5, buwat otomatik mai giya 7, kuma 4Matic ce wato ƙafa huɗu duka na ja. Ni da maiɗakina ne da yara uku, babbar shekara 11, ƙaramin bai kai uku ba, muna zaune Bobiel amma iyaye na Tawa, shi ya sa duk salla da duk wata hidima sai mun kama hanya.

Abin da ya kai ni ga neman mota mai tsayi ba gayu ba ne, rairayin unguwarmu ne. Wanda ya san Bobiel da damina ya san abin da nike nufi, ƙaramar motata ta da kullum cikinta na gugar ƙasa, sau biyu tana kafewa da yara ciki za mu lakwal. Da farko RAV4 na so kamar kowa, sai na tarar tunda iyakar Benin ta rufe a 2023 motoci suka koma biyowa ta Lome da Burkina, kuɗɗin Toyota ya hau sosai, RAV4 mai shekaru ɗaya da GLK ta fi ta tsada a fak ɗin da na zagaya. Na duba BMW X3 da Audi Q5 ma, amma makanikena ya ce min "Alhaji in dai sai ta Jamus kake so ɗauki GLK, ita ce muka fi sani kuma kayanta sun fi samuwa wajen ƴan feray". Shi ne kuma ya ce in nemi ta 2010 zuwa 2012, don daga 2013 an canza injin zuwa mai fesa esans kai tsaye cikin silinda, ya fi ƙarfi amma ya fi son mai mai tsabta, tsohon ya fi haƙuri da man da muke sha kan hanya. Gane su ba wuya, tsohuwar sandar giyarta na tsakiya, sabuwar kuma an maida ta jikin sitiyari.

Miliyon 7 da rabi na sefa na biya, da duwan da komai an gama, ni na yi kart giriz da asirans. Nan ne nike so mutane su buɗe kunne. Mota uku muka gwada kafin wannan. Ta farko tana sheƙi kamar amarya, dillali na ta rantsuwa wai wata tsohuwa ce ke tuƙa ta can, muka sa lambar shasi a intanet, harafi da lamba 17 ne suna nan ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, sai ga hotonta a wurin gwanjo gaba ya murƙushe, balon kariya duk sun fashe. Ta biyu an rubuta 4Matic a baya amma da makanike ya shiga ƙarƙashi babu abin da ke kai ƙarfi tayoyin gaba, ashe akwai GLK 350 mai jan baya kaɗai, tambarin ne kawai aka manna. Kuma motar Amurka da mil take ƙirga, in ka ga 98,000 a kwantar to ka ninka da 1.6, kusan kilomita 157,000 ke nan, mutane da yawa nan ake cin su. Jika goma na ba mai na'urar diyagnostik ya bi ni yini guda, ban taɓa kashe kuɗɗin da ya yi min amfani kamar su ba.

Tuƙinta kam Masha Allah. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne ta Doso, Dogon Dutsi, Kwanni sannan ka karya arewa a Tsarnawa, kuma motar ga na zama daram bisa gudron, in za ka wuce babbar mota ka taka kaɗan ta ba ka abin da kake so ba tare da ka yi ta addu'a a hannun da ba naka ba. Ƙarar waje ba ta shigowa sosai, yara na kwana tun kafin Doso. Kilim ɗinta ya riƙe mu a watan Afrilu da rana tsaka, sai dai tawa mai rufin gilashi ce kuma da na sani da na nemi marar shi, zafin na ratsowa ko an ja labulen. Rairayin Bobiel kuma tun ranar ban sake tunaninshi ba.

To amma maganar iyali, nan ne zan faɗi gaskiya ko da masu son motar ba za su ji daɗi ba. Daga waje tana da ƙira kamar babba, ciki kuwa kujerar baya matsattsa ce. In na ɗaura kujerar ƙaramin, akwai ƙarafan maƙala ta a gefe biyu kuma suna riƙewa gam, sauran biyun sai su matsu, kuma tsakiya akwai tudu a ƙasa inda ƙarfen da ke juya tayoyin baya ya bi, mai zama nan bai da wurin aje ƙafa. Ranar da muka ɗauko Inna daga Tawa za ta ga likita, sai da maiɗakina ta koma baya ta rungumi ƙaramin tun daga can har Yamai, Inna na gaba tana cewa "ɗan nan ka tsaya su miƙe ƙafa mana", muka tsaya Kwanni muka tsaya Dutsi. Abin ya dame ni ƙwarai don ban son yaro ya yi doguwar tafiya ba cikin kujerarshi ba. Kofur ma daidai ne kawai, akwati biyu da kula sun cika shi, buhun albasa da ake haɗo mu da shi in za mu dawo sai mun yi dabara.

Mai kuma tana sha, kar wani ya ruɗe ka. Tankinta lita 66 ne, a 499 lita ɗaya cikawa na kai kusan jika 33. Cikin gari da kilim da cunkoson gadar Kennedy ina ganin lita 14 zuwa 15 a kilomita ɗari, kan hanya tana saukowa wajen 10, wato tanki guda na iya kai ni Tawa da ƙyar amma kullum ina ƙarawa a Kwanni a gidan mai, ban saka mata na kwalba. Wajen bidanj mai mai kyau take so, ni kilomita 5,000 nike canzawa saboda ƙura, filtar iska kuma lokacin hunturu duk sati biyu sai an kakkaɓe.

Abin da na gyara cikin wata 14: amortisa na gaba guda biyu da robobin ƙafa, waɗannan tun wajen saye mun ga sun gaji har na sa aka rage min kuɗɗi a kansu, sai batir, sai juyen man buwat da na yi don ban san yaushe mai ita na da ya yi ba. Wanda ya fi ci min rai taya ne. Da janti 19 ta zo, robar siririya, rami ɗaya bayan Dutsi ya tsaga min ta gaba, na buɗe kofur na tarar sekur ɗin irin wadda sai an hura ce kuma mai fak ɗin bai sa min famfonta ba, ni ma ban duba ba ranar saye. Awa biyu muna gefen hanya da yara kafin wani bawan Allah mai kamiyo ya taimaka. Da muka dawo na maida ta janti 17 mai roba mai kauri, huɗu iri ɗaya don 4Matic ba ta son taya wani babba wani ƙarami, kuma tun nan ta fi laushi bisa dodan da latarit.

In yaranka biyu ne, kana da makanike da ya san motar Jamus kuma bayan ka biya za ka iya aje kamar miliyon ɗaya gefe don gyaran farko, ni zan ce ka saya, za ka ji daɗinta. In kun kai shida ko kana yawan ɗaukar tsofaffi, nemi mai kujera layi uku. Mu dai mun yi shawara da maiɗakina za mu riƙe ta shekara biyu nan gaba, kafin nan babbar ta ƙara tsawo kujerar bayan ba za ta ɗauke su ba, kuma na riga na fara tambayar kuɗɗin Toyota Highlander mai kujera layi uku.