Ciyawa ta farfaɗo, amma sun fasa min bututu

Ciyawar gidanmu kiri-kiri ce, wadda masu sayar da furanni ke kira Bahama. Tun da yara suka mai da wurin filin ƙwallo, baƙi kuma suna hawa da mota, jar ƙasar nan tamu ta Kaduna ta daddale ta yi tauri. Ko an yi ban ruwa sai ya kwanta a sama ya gangare kwata, ciyawar ta yi ja, wasu wuraren ma ƙasa ce tsirara. Shi ne na kira masu huda ƙasar nan da ake ta yabo a unguwarmu.

Aikin kansa ba ni da abin cewa. Sun zo a watan Yuni da damina ta zauna, washegarin da aka yi ruwa, ƙasa da danshi amma ba caɓi. Haƙoran injinsu masu rami ne, suna shiga kamar santimita 5 zuwa 7 su zaro ƙasa su yar a sama. Yaron da ke tura injin ne ya ce min takalman ƙusoshin nan da ake talla a intanet matse ƙasar gefen ramin kawai suke yi, tunda ba sa fitar da komai. Da suka gama wurin ya zama kamar garken awaki ya kwana a kai, na ɗauko tsintsiya, ya ce, "Hajiya, don Allah bar shi, ruwa zai narkar da shi ya koma ciki." Suka watsa yashi da ruɓaɓɓen taki suka tafi. Kafin wata ya cika ruwa ya daina kwanciya, kiri-kirin ya yaɗu ya rufe wuraren da suka mutu. Har maigidan, da ya ce asarar kuɗi ce, ya yi shiru.

To amma duk sanda na tuna da ogansu sai raina ya ɓaci. Kafin a tayar da inji na kama shi na nuna masa inda bututun ruwa ya bi daga tanki zuwa famfon baya, na ce a kafa alama. Yana danna waya ya ce, "Hajiya, kada ki damu, aikinmu ne." Bai kafa komai ba, bai kuma gaya wa yaran ba. Da asuba muka tashi alwala famfo ko ɗigo babu. Tanki ya tsiyaye kaf cikin dare, gindin katanga ya zama tabki. Ga ba wuta, sai da muka ƙona fetur a janareta muka sake cika shi, bayan mai gyaran famfo ya tone ciyawar da aka gama gyarawa ya yanke inda bututun ya fashe.

Na kira ogan, wai laifin wanda ya binne bututun ne da bai zurfafa ba. To ba don haka na nuna maka ba, Malam? Ko "yi haƙuri" ban samu ba, balle ya rage wani abu a kuɗin. Daga baya ma ya daina ɗaukar wayata.

Da niyyata tauraro biyar ce, yanzu biyu zan ba su, su ma don yaron nan ne. Na karɓi lambarsa, baɗi shi zan kira kai tsaye ya yi hayar inji ya zo.