Keken burji da na saya a Sabon Gari, bayan wata huɗu ina hawansa

Tun ranar da na sa hoton keken nan a status mutane ke ta tambayata nawa na saya, a ina, kuma wai me ya sa kansa ya lanƙwashe kamar ƙahon rago amma tayarsa ta fi ta keken tsere kauri. To yau wata huɗu kenan ina hawansa, ƙarshen damina na same shi yanzu ga hazo ya sauko, ina ganin dai na isa in ce wani abu a kai.

Irin wanda Turawa ke ƙerawa ne saboda hanyar burji, shi ba na kwalta zalla ba shi kuma ba na hawan dutse mai sifirin gaba da baya ba. Abin da ya ja ni gare shi wani tsere ne da na riƙa kallo a YouTube, Strade Bianche, ma'anar sunan fararen hanyoyi, ana yinsa a yankin Tuskani na Italiya galibi a watan Maris, a 2007 aka fara shi. Daga birnin Siyena suke tashi su kutsa ƙauyuka, farar tsakuwa, ƙura na tashi kamar an koro shanu, hagu da dama gonakin inabi layi-layi a jikin tuddai, sannan su dawo su hau wani mugun gangare a cikin gari kafin su ƙare a dandalin Piazza del Campo. Wani ɗan tseren Siwizalan, Cancellara, ya ci sau uku, 2008 da 2012 da 2016, har aka sa wa wani yanki na hanyar sunansa, shi kuwa Pogačar ɗan tseren Siloveniya a 2025 sai da ya sha ƙasa a kwana ya tashi jina-jina kuma ya zo na ɗaya. Akwai ma wani taron a garin Gaiole da ake ce wa L'Eroica tun 1997, shi tsofaffin kekuna kawai ake hawa, da na ga hotunan sai da na tuna Ralin kakanmu mai kariya da ƙararrawa. Su can inabin giya suke yi da shi, wannan kuma su ta shafa, ni giyar da ta dame ni ita ce ta keke.

Sai na ce a raina ai burji mu ma ba mu rasa ba, ja ne kawai namu.

Shagon yana Sabon Gari a Kano, masu kawo kekuna na hannu daga waje ne, ba zan faɗi suna ba don akwai ƙorafi a gaba. Mai shagon dattijo ne mai sakin fuska, ya ce dubu 480, na taya 350 ya ce "haba Alhaji, albarka, ko kuɗin kwantena bai fita ba", muka yi ta ja har aka kira la'asar muka je muka yi salla muka dawo, ya sallama a 410. Gaskiya ya kyauta min ta wani wajen, ya bar ni na zaga da shi har wajen Fagge na dawo, kuma shi da kansa ya nuna min wani ɗan lotsewa a rim ɗin baya wanda ni ban ma lura ba. Jikin keken alminiyom ne, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in hau bene, taya faɗin milimita 40, birki na faifai mai waya, giya Shimano biyu a gaba goma a baya.

Fitata ta farko ta gaske wajen Kura na yi, na bi hanyoyin gefen kanal na Kadawa da sassafe, shinkafa kore shar ko'ina, babu mota babu adaidaita sahu sai mai amalanke jefi-jefi. Wallahi a nan na gane kuɗina bai tafi a banza ba. Keken yana tafiya a kan marmara kamar ana tura ka, inda ɗan kwalta zai riƙa tsalle yana zamewa shi lafewa yake, kuma kan nan mai lanƙwasa da ake min dariya a kai yana da wurin riƙo uku, in hannu ya gaji ka sauya, in iska ta taso ta gaba ka duƙa. Sati biyu bayan nan muka loda kekuna a mota ni da wani abokina muka yi Rano, can ne akwai hawa da gangara tsakanin duwatsu, muka ɓulla ta wajen dam ɗin Tiga. Ƙaramar giyar ta fitar da ni kunya, ban sauka na tura ba ko sau ɗaya, abokina mai keken dutse kuwa yana ta haki a baya. A gangara ne dai ya rama, don nawa ba sifirin, duk wata gargada a kafaɗarka da wuyan hannunka take ƙarewa.

Har Hunkuyi na je da shi, ta ƙaramar hukumar Kudan kusa da Zariya, don kawai in ga na hau keke a tsakanin gonakin inabi kamar su o'o. Inabin na nan kuwa, an ɗora shi a kan sanduna da waya, sai dai tuddan ne babu irin na Tuskani. Yara suka biyo ni da gudu suna ga ɗan tsere ga ɗan tsere.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ci min tuwo a ƙwarya. Bawul ɗin tayar siriri ne, irin na Faransa mai ɗan noti a kai, kuma babu mai facin da famfonsa ke kama shi. Ranar da na fara yin faci a wani ƙauye bayan Bunkure na tura keken wajen wani tsoho a gindin darbejiya, ya juya bawul ɗin ya sake juyawa, ya cire hula ya sosa kai ya ce "yaro wannan kuma allura ce ko me?" Na ce Baba haka suka yi shi. Ƙarshe sai da ya yanko guntun tiyo ya cusa a bakin famfon yana dannewa da babban yatsa jikansa na bugawa, rabin iskar na shiga rabi na fita, muka fi minti arba'in. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai ya koma irin bawul ɗin babur, abin bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, mai shagon ya san da wannan matsala sarai amma bai ce min komai ba ranar ciniki. Da na koma sai ya ce "Alhaji yi haƙuri, yana cikin kayan da ke hanya". A intanet na yi oda daga Legas.

Sai ƙaya. Su Turawan tsakuwa suka yi wa tanadi, ba su san tsidau ba, ba su san ƙayar aduwa ba. Wata na farko faci bakwai na yi, har na fara tunanin sayar da shi. Wani mai gyara a Ƙofar Ruwa ne ya tsaga tsohon tub ya shimfiɗa min a cikin tayar, na kuma zuba ruwan nan mai kama da madara da ke toshe huji da kansa, tun daga nan sau ɗaya kawai na yi. Keken ya ɗan ƙara nauyi amma na yarda. Kuma kar ka bari mai faci ya cika maka iska tam kamar yadda suka saba, wajen 40 a agogon famfo ya isa, in ta yi tauri da yawa tsalle za ka yi ta yi kuma birki ba ya kamawa da kyau. Rairayi kuwa ba shi da magani, in ka shiga mai zurfi irin na bakin rafi tayar gaba nutsewa take, sauka kawai ka tura.

Sirdin da ya zo da shi azaba ne, kwana uku ina tafiya kamar ɗan kaciya, na canza. Birkin yanzu da ƙura ta yi yawa yana kuka kamar an taka kyanwa sai an goge faifan, sarƙa ma duk fita biyu sai na wanke na sa mai, kuma kar a sa baƙin mai na inji don ƙura yake kwasa ya zama kamar kunu. Takalmin birkin ba a ko'ina ake samu ba, in ka gani sayi biyu ka ajiye.

A cikin gari ban ga amfaninsa sosai ba, a cunkoson Kantin Kwari ko 'Yankura kana duƙe ba ka ganin gabanka da kyau ga ɗan sahu na iya yanko maka a kowane lokaci, kuma ba keken da za ka jingine a ƙofar masallaci ka shiga hankali kwance ba ne. In zuwa aiki ne ko kasuwa, nemi na dubu ɗari da wani abu ka huta. In kuwa kai mai tashi bayan asuba ne ran Asabar ka bar kwalta a baya, to saya, amma kafin ka miƙa kuɗi ka sa a kawo maka ƙarfen bawul ɗin nan da ƙaramin famfo da tub biyu a cikin cinikin. Keken na ba shi huɗu cikin biyar, shagon uku. Jiya ma na bi ta wajen, kayan har yanzu suna hanya.