Jig ɗin manna fiffike da sikelin giren bayan hunturu, bazara da damina

Kayan biyu ne a kwali ɗaya: na'urar manna fiffike a gindin kibiya, wadda masu sayarwa ke kira jig, da ɗan sikelin batir mai auna giren, wato ƙanƙanin ma'aunin nauyi da ake auna kibiya da shi. Ta Kano suka biyo kafin su iso ƙauyenmu a gefen Ringim, kuma sun ga hunturu, sun ga bazara, sun ga damina, don haka lokacin magana a kansu ya yi. Babu sunan kamfanin kirki a jikinsu. Jig ɗin kwaikwayon samfurin Bitzenburger ne na Amurka, gangar jiki ta ƙarfe, mayen ƙarfe a gefe, da mamatsi guda mai riƙe fiffike ɗaya a lokaci ɗaya.

Sikelin kuwa ba don masu baka aka yi shi ba. Irinsa ne masu gasar harbin ƙaramar bindiga a Amurka ke amfani da shi, waɗanda ke sake cika kwanson harsashinsu da kansu don kowanne ya fita daidai da ɗan'uwansa. Mu nan wannan ƙofa a rufe take, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka hana, haɗa harsashi a gida kuwa laifi ne. Amma abin da suke nema shi mai baka ke nema. Kibiya goma sha biyu su zama tamkar guda, yadda in ta kauce ka san hannunka ne, ba kayan ba.

Kibiyar maharbanmu ta gargajiya ba ta da fiffike. Kyauro ne da ƙarfe mai kunne a gaba, nauyin kan ne ke jan ta, kuma a tazarar da ake harbin zomo ko gada hakan ya wadatar. Gasa wani abu ne daban. A ƙa'idar World Archery, hukumar gasar harbin baka ta duniya, a mita 18 faɗin takardar bara santimita 40 ne, da'irar maki goma kuma santimita 4. A mita 70 takardar santimita 122 ce, goman 12.2. A irin wannan nisa ɗan bambancin nauyi da hannu ba zai ji ba yana iya sauke kibiya daga rawayan tsakiyar takardar zuwa jan da ke kewaye da shi.

Shi ya sa na fi ganin amfanin sikelin a kan jig ɗin, duk da shi ne mai arha. Giren ɗaya giram 0.0648 ne, giren 7,000 ke yin laba ɗaya. Sikelin yana karanta har giram 0.01, wato kusan giren 0.15, kuma wannan ya fi ƙarfin abin da kibiya ke bukata. Kuskuren farko da kowa ke yi shi ne rikita g da gn a fuskarsa, don harufan ƙanana ne kuma maɓalli ɗaya ke juya su. Wanda ya auna tsini ya ga 6.48 maimakon 100, giram yake kai. Yana zuwa da ɗan dutsen awo na giram 50 don saita shi. A riƙa saitawa duk ranar da za a yi aiki, kuma kada a ɗauki dutsen da yatsa mai maiƙo. Iska ce babbar abokiyar gabarsa: fanka, taga a buɗe, har numfashin mutum in ya sunkuya a kai, duk suna sa lamba ta yi ta rawa. Ni a ɗaki nake sa shi, a kan gutsuren tayil, domin tabarma da benci mai lilo ba sa ba da lamba ɗaya sau biyu. In batir ya fara sanyi ba ya mutuwa nan take, sai dai ya riƙa zamewa a hankali, abu guda ya ba ka awo uku. Batir AAA biyu yake ci, a ajiye sababbi kusa. Abin da ke ba ni haushi da shi kawai shi ne saurin kashe kansa, kana tsakiyar rubuta lamba sai ka ga fuska ta yi duhu.

Yadda ake cin moriyarsa shi ne a auna komai daban kafin a haɗa. Kyauro daban, tsini daban, nok daban, wato ɗan robar gindi mai tsaga da ke kama tsirkiya. A rubuta nauyin kowane kyauro a salatef a manna masa. Sai a haɗa kyauro mafi nauyi da tsini mafi sauƙi, mafi sauƙi da mafi nauyi, har a gama. Misali kyauron kabon, wato na kamfani da ake yi da zaren kabon, mai inci 29 da ke da giren 7 a kowane inci zai kai 203, a sa tsini mai 100, nok mai 8, fiffike uku masu giren 4 kowanne, jimla 323, kusan giram 21. In dozin ɗin duka ta tsaya cikin tazarar giren biyu, an yi aiki. Wadda ta fita daga sahu ba yar da ita za a yi ba, ta koma kibiyar atisaye.

Akwai abin da sikeli ba zai gaya maka ba, shi ne taurin kyauro. Lambar da ake bugawa a jikinsa, 500 ko 700 ko 900, awon lanƙwasa ce. Ana ɗora kyauron a kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ya sunkuya. Mai 500 ya sunkuya rabin inci ke nan, don haka ƙaramar lamba ita ce mai tauri. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka, su sayo 400 don baka mai sauƙin ja, mai ƙarfin laba 24, sannan su zargi jig. Babu fiffiken da zai gyara wannan. Mai madogara biyu da ruwan gora da aka auna ya kai giram 880 yana iya gwada dozin ɗinsa a gida, ba don samun lambar kamfani ba, don ganin wanne ne ya fita daban da 'yan'uwansa.

To, jig ɗin. Gangar jikin tana da nauyi, ba ta motsi a kan tebur, wannan na yaba. Mayen ƙarfen yana riƙe mamatsin yadda ya kamata. Inda arharsa ta nuna kanta wuri uku ne. Bakin mamatsin bai zo a miƙe sarai ba, in ka ɗaga shi ga haske da fiffike a ciki za ka ga tsakiya ta taɓa kyauro, ƙarshen biyu na shawagi. Maganinsa a shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi, a goga bakin a hankali har ya daidaita. Na biyu, majuyin da ke kama nok, wanda ya kamata ya tsaya cak a kowane digiri 120, yana da ɗan wasa. In ka juya dama yau, gobe hagu, fiffiken ba za su raba da'irar daidai ba. A riƙa juyawa ɓangare ɗaya kullum, a tura shi ya jingina kafin a sauke mamatsi. Na uku, notikan saiti biyu suna kwancewa da kansu. A ɗaure su da alanki, a ɗiga jan farce a kai, in ya tsage ka san saiti ya gudu.

Saitin kansa sau ɗaya ake yinsa, amma a ba shi lokaci. A sa fiffike a mamatsi ba gam, a sauke a kan kyauro, a duba gindin ya kwanta tun daga gaba har baya. Karkata ta digiri ɗaya zuwa biyu ta isa ta sa kibiya ta riƙa juyawa a iska. A kan siririn kyauron kabon in aka wuce haka, ƙarshen fiffiken zai sauka daga bayan kyauron, gam ba zai kama ba. Tazara daga ramin nok zuwa farkon fiffike kamar inci ɗaya, don yatsu su samu wuri. A ja layi da maka a jikin mamatsin inda gindin fiffike zai riƙa tsayawa, in ba haka ba kowace kibiya da nata tsayin. Sai a shafa kakin zuma ko kyandir a bakin mamatsin. Wanda ya manta wannan zai manne fiffike da mamatsi, ya ɗago su tare.

Mafi yawan fiffiken da ke ɓallewa ba laifin gam ba ne, datti ne. A goge gindin kyauro da sifirit a tsumma mai tsabta har tsumman ya daina baƙi, a bar shi ya bushe, kada a sake taɓa wurin. Hannun da ya shafa basilin da safe, kamar yadda kowa ke yi da hunturu, ya isa ya lalata dozin guda. Sufa gulu ake sawa, siririn layi, ɗigo uku ko huɗu a ja su da bakin kwalbar. In ya tsattsafo ta gefe ya yi yawa, kuma mai yawa ya fi jinkirin kamawa. Bayan an gama ukun a ɗiga ɗan ƙarami a goshin kowane fiffike da wutsiyarsa, don nan ne yake fara ɗagowa in kibiya ta nutse cikin buhun da ake harbi.

Takardar da ta zo da kayan ta ce a riƙe daƙiƙa kaɗan a ɗaga. Wanda ya rubuta ta bai san Jigawa ba. Sufa gulu da danshin iska yake kamawa. Da damina kafin ka gyara zama ya riƙe, ba damar gyara kuskure. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke tsagewa, sai ka ɗaga mamatsi fiffike ya biyo shi. A watannin nan a bar shi minti biyu ko uku, ko a huro wa kyauron numfashi sau ɗaya kafin a sauke, ɗan danshin ya wadatar. Ƙura ma tana sauka a kan wurin da aka goge cikin ɗan lokaci, don haka a goge kyauro ɗaya a manna, kada a goge duka a jere su. Da wannan jira, dozin guda mai fiffike 36 tana cin yamma ɗaya cur. Mai gaggawa ba zai so jig mai mamatsi ɗaya ba.

Na gwada shi da gashin tsuntsu ma. Na talo-talo shi ne na ainihi, kuma dole duka ukun su fito daga fiffike ɗaya, dama ko hagu, a karkata su ta ɓangaren da gashin ke lanƙwasa. Na zabo da muke da shi a yalwace yana da kyan gani amma gajere ne kuma ba shi da ƙarfi, sai dai kibiyar yara. Gashi yana yafe kuskuren saki fiye da roba, sai dai ruwa na kwantar da shi, ƙwari kuma na cin sa a ajiye. Don gasa a fili na fi son roba.

Tsini da gam ɗin kyandir ake sa shi, irin mai narkewa a ƙaramin zafi. Tsinin ake ɗumamawa, a shafa gam, a tura cikin kyauro ana murzawa. Wuta ba ta taɓa kabon, ko kaɗan, domin zafi na kashe abin da ya haɗa zaren. A bazara kuma, kwari da aka bari a rana ko a ɗakin kwano da azahar, gam ɗin zai yi laushi, ka zare kibiya daga buhu tsini ya zauna a ciki. Yankan kabon ma ba aikin zarto ba ne, yana farfasa bakin. Siririn faifan giranda mai gudu ake sawa ana juya kyauron, a rufe hanci saboda ƙurar. A bar inci ɗaya ko biyu fiye da jan mutum, don abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma gajarta na ƙara tauri.

In an gama haɗawa a ɗora kibiya a kan bakin wuƙa a nemo inda ta daidaita. Mai inci 29 da ta tsaya a inci 17.5 daga nok ta wuce tsakiya da inci 3, wato kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma hakan ya yi. Sannan a bar biyu ba fiffike don gwaji a mita 18, da buhun da aka cusa wa tsumma da leda, bayansa katanga, ba hanyar awaki ko yara ba. Ga mai harbi da dama da baka rikab, wato bakan gasa mai lanƙwasassun ƙarshe, in marasa fiffiken suka faɗa hagu da sauran, kyauron ya yi tauri, a ƙara nauyin tsini. In dama suka faɗa ya yi laushi. In ƙasa suka sauka, ƙullin da ke kan tsirkiya, mai nuna inda nok ke zama, ya yi sama, a sauke shi kaɗan. Kafin kowane harbi a lanƙwasa kyauron kabon kusa da kunne, wanda ya yi ƙara ko ɗan ƙas a karya shi a binne, don yana iya fashewa a hannun da ke riƙe da baka.

Wanda kuɗinsa bai kai na duka biyun ba ya fara da sikelin. Jig ɗin kuwa guda ɗaya ya ishi mutum biyar ko shida su yi karo-karo, da sharaɗin kowa ya yarda da saiti ɗaya, ba mai taɓa notikan. Mai niyyar shiga gasa ya sayi fiffike kala biyu da yawa tun farko, domin ƙa'ida ta ce kibiyoyin da za a harba a zagaye ɗaya su zama iri ɗaya a fiffike da nok, kowace kuma da sunan mai ita ko harufan farkon sunansa a jikin kyauro. Kaurin kyauron kada ya wuce milimita 9.3, alƙalai suna aunawa kafin a fara.