Namijin Betta da Macensa: Yadda Ake Gane Su Kafin a Haɗa

Betta ɗan kifin Tailan ne, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da kududdufai. Namiji ɗan gayu ne: launi mai sheƙi, doguwar jela, fika-fikai kamar babbar riga. Ga faɗan tsiya. Nuna masa madubi, nan take zai buɗe marfin kumatunsa ya kumbura. Mace kuwa fika-fikanta gajeru ne, jikinta a dunƙule.

Sai dai kada jela ta ruɗe ka, domin namijin irin da ake kira plakat shi ma gajerar jela gare shi. Ni dai na fi yarda da farin ɗigon da ke ƙarƙashin cikin mace, mafitar ƙwai ke nan, ko da yake wasu ƙananan maza kan nuna irinsa.

Wajen shirin haɗa su don su hayayyafa, a raba su kamar mako 2 ana ba su tsutsar sauro, ɗumin ruwan kuma ya kai digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Celsius. Mace cikinta zai cika, in mai duhun launi ce zane-zane su fito mata a tsaye. Namiji kuwa sheƙar kumfa zai gina a saman ruwa. Sai a sa ta cikin kwalba a tankinsa su ga juna tukuna kafin a sake ta.

Da ta zuba ƙwai a cire ta, in ba haka ba zai illata ta. Shi ke tsince ƙwan da baki ya kai sheƙa, su ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 2.